Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Waiwayi Tsofaffin 'Yan Ƙwallonmu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci a kan tsofaffin 'yan ƙwallon ƙafa na yankinmu na Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda aka yi watsi da su alhali akwai amfanin da za su yi wa yaranmu.

Wani zai ce ina ruwan manomi ɗan tireda da tamaula? To ruwana shi ne 'ya'yanmu da ƙannenmu. Da an gama girbi an kai amfani rumbu, saurayi a ƙauye sai dai ya tafi ci-rani, ko ya wuni a gidan kallon ƙwallo yana musu a kan Arsenal da Chelsea, wani kuma ya faɗa shaye-shaye. Wanda ya samu fili da ƙwallo da babba mai tsawata masa, galibi shi ke tsira. Fili muna da shi, ƙwallo ma akan yi karo-karo a saya. Babban da zai tsaya a kansu ne babu.

Jama'a mu dubi Salisu Yusuf, mutumin Zariya. Ɗan wasa ne a zamaninsa, ya buga wa Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Da ƙafa ta gaza bai koma gefe ya naɗe hannu ba, sai ya shiga aikin koci, ya yi shekaru yana koyo daga wannan kulob zuwa wancan. A 2008 yana cikin masu horar da Kano Pillars lokacin da ta ci kofin gasar Nijeriya, karo na farko tun da aka kafa ta a 1990. A 2013 ya je har Aba ya ci kofin ƙalubale da Enyimba. A 2016 aka ɗauke shi aiki a Super Eagles tare da Bature Gernot Rohr, sannan a 2018 ya kai 'yan wasanmu na gida wasan ƙarshe a gasar CHAN, inda Maroko mai masaukin baƙi ta ci mu 4 da nema. Da a ce ranar da ya daina buga ƙwallo aka manta da shi, da duk wannan ba a gani ba.

Haka marigayi Stephen Keshi. Ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a Tunisiya a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a Afirka ta Kudu a 2013. Shi ne kuma ya sama wa Togo gurbin zuwa gasar duniya ta 2006. Amma duk da haka sai da ya yi wata da watanni yana bin bashin albashinsa a ƙasarsa. Mu dai na gida ba ya cika mana ido.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, don gaskiya ɗaya ce. A 2018 ɗin nan aka nuna hoton bidiyo da ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas ya sa aka ɗauka a ɓoye, ana miƙa wa Salisu Yusuf kuɗi. Shi ya ce kyauta ce, ba ta sa ya canza ɗan wasa ko ɗaya ba, amma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da shi shekara guda. Darasin a nan shi ne aikin koci amana ce. Idan babba irin wannan ya shiga wannan hali, ina ga kocin ƙauye da ba wanda ke ba shi ko kuɗin sabulu? Ranar da mai hali ya cusa masa wani abu a aljihu don a sa ɗansa, ɗan talaka mai ƙafa sai benci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma kada a ɗauka duk wanda ya iya buga ƙwallo ya iya koyar da ita. Mu manoma mun san riƙe fartanya daban, riƙe gandu daban. Akwai ƙato mai nome kadada shi kaɗai, amma ka ba shi yara 10 ya bi da su, kafin azahar sun watse. Koci sai ya san halin kowane yaro, ya san abin da zai yi in yaro ya gurɗe ko ya suma a fili, ya iya danne zuciyarsa ran da aka ci shi. Wannan kuwa koyonsa ake yi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu biyu da hukumar wasanni ta Jihar Jigawa. Na farko, a bi garuruwa irin su Babaldu da Kantoga da Sara da Basirka a rubuta sunayen tsofaffin 'yan wasa masu mutunci, a zaɓi ko da biyu-biyu ne duk shekara a tura su kwas. Akwai makarantar horar da masu koyar da wasanni ta ƙasa a Legas, in kuwa ta yi nisa, a ɗauko malaman su zo Dutse. Na biyu, in sun dawo a raba su makarantun firamare da sakandare, har da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, a yanka musu ɗan alawus na wata wanda ba ya yankewa. Na uku, a riƙa shirya gasa tsakanin gundumomi da rani, a gayyato mutanen Jigawa Golden Stars su zo su ga yaran da idonsu.

Na san wasu za su ce taki da ruwan sha da magani sun fi ƙwallo. Haka ne, ni ma takin ya fi damuna. To amma nawa ne alawus ɗin mutum huɗu? Kuma yaron da ƙwaya ta cinye, ko an kawo takin wa zai watsa shi a gona?

'Yan'uwana 'yan kasuwa da masu neman kujera, ku ma da naku. Kofin da ake sakawa gab da zaɓe, a raba riguna masu hoto a watse, ba ya gina kowa. Gara ku ɗauki nauyin koci ɗaya shekara guda. Su kuma masu koyarwar su ji tsoron Allah, su tsayar da atisaye bayan la'asar, kada ya ci lokacin Islamiyya ko na gona, a tashi kafin magariba. In iyaye suka ga haka, da kansu za su kawo 'ya'yansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa wannan kira ya kai kunnen waɗanda abin ya shafa, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Birnin Kudu, Jihar Jigawa.