Kafin a yi wa tuwo saki uku

Watan jiya jiri ya kwashi wata abokiyar aikina tana tsakiyar darasi, sai da ɗalibai suka riƙe ta. Ashe sati biyu ke nan ba tuwo, ba waakye, ba doya, ba koko. Ƙwai da nama kawai, wai keto, tsarin rage ƙiba da ta gani a TikTok. Ga shi tana shan maganin ciwon suga, kuma likitanta bai sani ba.

Ban ce tsarin ƙarya ba ne. Wanda ya rage abinci mai sitaci zuwa ƙasa da giram 50 a yini zai ga sikeli ya sauka da wuri. Sai dai yawancin abin da ke zubewa a makon farko ruwa ne, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka tare da ruwa yake zaune. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mutum 609 tsawon wata 12. Masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗoriya. Ina bambancin da har za a ƙaurace wa tuwo saboda shi?

Haɗarin kuwa a fili yake. Mai yin allurar insulin, da mai shan wasu ƙwayoyin suga, sukarin jininsu na iya faɗuwa warwas. Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa, wannan ba wurin gwajinsu ba ne. Sauran mutane ma kan sha fama da ciwon kai, kasala da taurin bayan gida, balle a zafin Tamale na watan Maris. Sannan je Kasuwar Aboabo ka tambayi kuɗin kiret ɗin ƙwai. Albashin wa zai ɗauki wannan kullum?

A ganina laifin ba na tuwo ba ne. Laifin na malmala uku ne da daddare, da sukari cokali huɗu a shayi, da lemon kwalba a kowane biki da suna. A rage malmala, a ƙara miyar ayoyo da kuka da wake, a taka da ƙafa bayan la'asar. Tuni Manzon Allah (SAW) ya koya mana raba ciki gida uku.

Mai shan magani kuma, don Allah ya fara ganin likitansa, ko a Asibitin Koyarwa na Tamale ko a asibitin unguwa, kafin ya canza cimarsa. Allah Ya ƙara mana lafiya.