Ɗalibi Mai Ciwon Sukari: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A kowace shekara, da zarar an buɗe jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan, dubban samari da 'yammata kan bar gidajen iyayensu a karo na farko, su tafi neman ilmi. A cikin wannan taro akwai waɗansu 'yan ƙalilan waɗanda a can ƙasan akwatinsu, a ƙarƙashin tufafi, suke ɗauke da kwalbar magani da allura, suna fatan kada abokin ɗaki ya gani. Su ne ɗalibai masu ciwon sukari. Abin da muke son jawo hankalin jama'a a kansa shi ne, a yau likita ya san yadda ake riƙe wannan ciwo har mutum ya tsufa da shi, amma kunya da ɓoyo da halin ko-in-kula na hukumomin makarantu suna mai da shi abin da ke katse karatu, wani lokaci ma ya katse rai. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ke hannunmu, ana iya gyara su ba tare da an jira wani daga ƙasar waje ba.

Da farko ya kamata a kau da wata tsohuwar fahimta, watau cewa ciwon sukari ciwon tsofaffi ne da masu hannu da shuni. Ciwon iri biyu ne manya. Iri na biyu, wanda ya fi yawa, shi ne ya fi kama manya, kuma yana da dangantaka da gado da ƙiba da rashin motsa jiki. Iri na ɗaya kuwa ya fi bayyana a yara da matasa, sa'ad da garkuwar jiki ta lalata ɓangaren wata halitta da ke bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin. Wannan sinadari shi ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsokar jiki. Yaron da ya kamu da iri na ɗaya bai jawo wa kansa da shan zaƙi ba, iyayensa kuma ba su yi sakaci ba. Abin da ya rage masa shi ne allurar insulin kullum, sau biyu ko uku ko huɗu, iyakar rayuwarsa.

Ciwon ba ƙaramin al'amari ba ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sukari sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuwa ba su ma san suna da shi ba. Ashe ke nan zai yi wuya a sami babbar makaranta, a Zariya ne ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, wadda ba ta da irin waɗannan ɗalibai.

Wani abin lura shi ne, maganin kansa a jami'a aka haife shi. A 1921, a Jami'ar Toranto ta ƙasar Kanada, Dakta Frederick Banting da mataimakinsa Charles Best, wanda a lokacin ɗalibi ne ɗan shekara 22, suka yi aikin da ya kai ga samun insulin. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ya kuwa farfaɗo. Kafin wannan lokaci yaron da ya kamu da iri na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Abin takaici ne a ce bayan shekara ɗari da 'yan kai, ɗalibin jami'a a ƙasarmu yana rasa inda zai ajiye wannan magani.

Mu duba yadda rayuwa take sauya wa irin wannan ɗalibi. A gida, mahaifiyarsa ta san lokacin allurarsa, ta san irin tuwon da za ta zuba masa, ta san launin fuskarsa idan jiki ya fara gaya masa. A makaranta duk wannan ya ƙare rana ɗaya. Lacca ta ƙarfe bakwai na safe ba ta jiran karin kumallo, malami kan ƙara awa guda ba da sanarwa ba, tafiya daga ɗakin kwana zuwa sashen karatu kuma da ƙafa ce cikin rana. Tun shekarun 1980 da aka janye tsarin ciyar da ɗalibai a jami'o'in gwamnati, kowa aljihunsa ne ke yanke masa abin da zai ci. Abincin mai arha kuwa, garin kwaki da sukari ne, da burodi da shayi, da taliya, da farar shinkafa, duk masu saurin ɗaga sukarin jini. Idan guzuri ya yi ƙasa, ɗalibai sukan koma ci sau ɗaya a yini. Ga mai lafiya wannan yunwa ce kawai, amma ga wanda ya yi allura da safe bai sami abinci ba, hanya ce ta faɗuwa.

Sa'an nan ga zancen ajiya. Kwalbar insulin da ba a buɗe ba tana bukatar sanyi na digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuwa takan yi kamar mako huɗu idan zafi bai wuce digiri 30 ba. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga wutar lantarki ba ta da tabbas, ga ɗaki mai mutum shida ko takwas babu firji. Maganin da zafi ya dafa ƙarfinsa raguwa yake yi, mai shi kuwa ba zai gane ba sai ya ga awo yana ta hawa. Ga kuma tsada. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, har da insulin da tsinken awon jini. Ɗalibin da ya ga kuɗinsa ba za su kai ƙarshen wata ba, sai ya fara rage allura ko tsallake ta, alhali kuwa wannan shi ke jawo taruwar guba a jini, da amai, da numfashi sama-sama, da doguwar suma wadda sau da yawa ba a tashi daga ita.

Duk da haka, nauyin da ya fi danne zuciyar ɗalibin shi ne na idon mutane. A zamanin da shaye-shaye ya addabi matasa, saurayin da aka gani da sirinji a ɗakin kwana yana tsoron a ce ɗan ƙwaya ne, don haka sai ya shiga makewayi ya yi allurarsa a gaggauce. Budurwa kuwa tsoronta ya ninka, domin ta san da zarar magana ta fita za a ce ba za ta haihu ba, manema su ja da baya, alhali mata masu ciwon sukari suna aure suna haihuwa lafiya idan suna ƙarƙashin kulawar likita. Waɗansu iyayen ma da kansu suke gargaɗin 'ya'yansu kada su gaya wa kowa. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma sakamakon shi ne yaro ya zauna cikin mutum dubu ashirin ba wanda ya san abin da zai yi masa ranar da ya yanke jiki ya faɗi.

Wannan rana kuwa takan zo. Idan sukarin jini ya sauka ƙasa da 70 a na'urar awo da aka fi amfani da ita a nan, sai jiki ya kama rawa, zufa ta keto, magana ta harɗe, mutum ya rikice ko ya yi ta faɗa ba dalili. Wanda bai sani ba sai ya ce buguwa ce, wani ya ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya ana tofi da yayyafa ruwa, lokaci yana wucewa. Maganin kuwa yana teburin mai shayi: ƙaramin cokali uku ko huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara. Idan ya riga ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. Wannan ilmi bai fi a koyar da shi cikin minti biyar ba, amma ba zai yi amfani ba sai abokin ɗaki ya san da ciwon. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Akwai kuma gajiyar da ba a gani da ido. Mai wannan ciwo ba shi da hutu: kowace loma sai ya yi lissafi, kowane dare yana tunanin kada sukari ya faɗi yana barci. Binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa ciwon damuwa ya fi yawa ga masu ciwon sukari, kamar ninki biyu na sauran jama'a. Lokacin jarrabawa abin kan tsananta, domin fargaba da rashin barci suna sa jiki ya saki sinadaran da ke ɗaga sukari, sukarin da ya hau ko ya sauka kuma yana dusashe tunani. Sai ɗalibi mai ƙwazo ya fito da sakamako mara kyau, ya zargi kansa, ya ƙara janyewa daga mutane. Haka nan a watan azumi, wani kan ɗauki azumin da likita ya hana shi don kawai kada a gan shi yana cin abinci, alhali shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Wannan hukunci ne da ya kamata a yanke tare da likita da malami tun kafin watan ya kama, ba don kunyar abokai ba.

Wani zai ce jami'a wurin karatu ce, ba asibiti ba, kuma makarantun da ke fama da kuɗin wuta da albashi ba za su iya ɗaukar wani sabon nauyi ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da ake nema bai kai yadda ake zato ba. Kowace babbar makaranta tana da asibitinta, kuma ana yi wa sababbin ɗalibai gwajin lafiya. To, a sa awon sukari a ciki, a buɗe rajista ta sirri, a tabbatar wa ɗalibi a rubuce cewa bayyana ciwonsa ba zai hana shi gurbin karatu ba. A tanadi firji guda mai aiki da hasken rana a asibitin makaranta, inda za a ajiye maganin kowa da sunansa, a iya karɓa dare da rana. A ba irin waɗannan ɗalibai fifiko wajen rabon ɗaki kusa da asibitin. A rubuta cikin dokokin jarrabawa cewa an yarda su shiga da na'urar awo da ruwa da ɗan abin zaƙi, kuma a rama musu mintocin da suka ɓata. Masu gadi da shugabannin ɗakunan kwana a koya musu alamun faɗuwar sukari a makon karɓar sababbin ɗalibai. Ofishin ba da shawara kuma ya san cewa damuwar mai doguwar jinya tana cikin aikinsa.

Inda firji bai samu ba, dabarar gida ma tana taimakawa. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin sanyaya kayan lambu. A ƙasashe masu zafi irin su Sudan, da tukunyar ƙasa ake kare insulin daga zafi. Ba ta kai firji ba, amma ta fi ƙasan akwati nesa ba kusa ba.

Gwamnati ma tana da nata rabon. Akwai shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Ya kamata a tabbatar insulin da tsinken awo suna cikin abin da ɗalibi zai samu a asibitin makarantarsa kowane wata, ba a rubuta masa takarda a tura shi kanti ba. Gwamnatocin jihohi da ke biyan kuɗin tallafin karatu, su ware wani abu ga masu doguwar jinya. Ƙungiyoyin ɗalibai, musamman masu koyon aikin likita da haɗa magunguna, su riƙa shirya awo da wayar da kai a ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, wadda aka zaɓa domin ita ce ranar haihuwar Banting.

Ga ɗalibin kansa kuma, muna cewa: ɗanmu, 'yarmu, wannan ciwo ba abin kunya ba ne, ba ya kuma rufe ƙofar ɗaukaka. Sonia Sotomayor ta kamu da iri na ɗaya tana 'yar shekara bakwai, ta yi karatun lauya, ta zama mai shari'a a Kotun Ƙoli ta Amurka a 2009. Theresa May ta riƙe muƙamin Firayim Ministar Birtaniya daga 2016 zuwa 2019 tana allurar insulin. Nacho, wanda aka gano ciwon a jikinsa yana shekara 12, shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Real Madrid kofin zakarun Turai a 2024. Dukkansu sun fito fili sun faɗi ciwonsu. Ba a ce ka yi shela a kasuwa ba, amma ka zaɓi mutum biyu ko uku, abokin ɗaki da abokin aji da malami guda, ka gaya musu, ka nuna musu abin da za su yi. Ka riƙa yawo da ƙwayar sukari a aljihu da 'yar takarda mai bayanin ciwonka da lambar wanda za a kira. Kada ka daina allura don wani ya yi maka alkawarin warkewa da sassaƙe, domin har yau babu abin da ya maye gurbin insulin ga mai iri na ɗaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye su saki 'ya'yansu su faɗi gaskiya, abokai su riƙe amana su bar tsegumi, hukumomin makarantu kuma su sa waɗannan 'yan tanade-tanade cikin kasafinsu kafin zangon karatu mai zuwa. Ƙasar da ta kashe dukiya ta kai yaro har jami'a, bai kamata ta rasa shi saboda firji guda da cokali uku na sukari ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.