Bayan Salla, A Hau Sikeli

Salla ta wuce, 'yan'uwanmu da suka tafi gida sun fara komowa Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, da yawansu kuwa rigar da aka ɗinka musu kafin tafiya ta fara matse su. Can gida an yi ta yi musu barka, ana cewa Kurmi ta karɓe su, tun da ga wuya ya yi kauri, ga tumbi ya fito. A ganinmu wannan barka abar dubawa ce.

Wanda ya baro garinsu neman abinci ba shi da jarin da ya fi lafiyarsa. Likitoci sun tabbatar cewa ƙiba in ta wuce kima tana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Ran da mai canji ko direban babbar mota ya kwanta ciwo, to iyalinsa na nan da iyayensa na gida duk sun shiga wani hali. Ga shi kuwa mutumin da ya tashi da fartanya a hannu, yau wuni yake a zaune cikin rumfa, amma cinsa na manomi yana nan, ga naman Salla a kai.

To, yaya mutum zai san nauyin da ya dace da shi? Akwai lissafin da wani masani ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙago wajen 1832, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi. Ka auna tsawonka da mita, ka ninka shi da kansa, sa'an nan ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ta zama cuta. Misali, mai tsawon mita 1.70 zai sami 2.89. In nauyinsa kilo 85 ne, lissafinsa ya kama 29.4, watau yana bakin gaɓa, alhali abin da ya dace da shi tsakanin kilo 54 ne da 72.

Amma fa lissafin nan na manya ne, ban da yara da mata masu juna biyu, kuma yakan zalunci ɗan dako wanda nauyinsa na tsoka ne. Saboda haka a haɗa da awon ciki. Ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninke ta biyu, ka kewaya cikinka da ita sama da cibiya kaɗan. In bakinta bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa mafi hatsari.

Maganin abin ba ya cikin ƙullin da ake talla a tasha da cikin motocin haya. Galibinsu zawo suke sa mutum, ruwan jiki ya zube, kitse na nan daram. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne ragi na hankali. A rage malmalar tuwo da teba, a ƙara ganye da wake. A yanke kitsen nama, a ci shi kaɗan kaɗan. A rage sukarin shayi, a kuma tuna kwalbar lemo guda takan ɗauki sukari wajen cokalin shayi 8 ko 9. A yi tafiyar ƙasa da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita tukuna.

Muna roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ajiye sikeli a ofisoshinsu, kowa ya riƙa hawa sau ɗaya a wata. Kuɗinsa bai kai na kwana guda a gadon asibiti ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.