Ba Kowane Tari ne Tarin Fuka ba: Bayani a kan Sankarar Huhu

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. A cikin watan Fabrairu na shekarar 2024, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, wadda take a birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta fitar da wani lissafi. Lissafin ya nuna cewa a shekarar 2022 mutane wajen miliyan 2 da rabi ne suka kamu da sankarar huhu a duniya. Wajen miliyan 1 da dubu 800 kuma suka rasu sanadiyyarta. Babu wata sankara da ta kai ta yawan kamu a wannan shekara, babu kuma wadda ta kai ta kisa. A cikin kowane mutum biyar da sankara ta kashe, kusan ɗaya ta huhu ce ajalinsa.

Wani zai ce: "To mu ina ruwanmu? Ai wannan ciwon ƙasashen Turawa ne." Gaskiya ne, a nan Nijar sankarar da likitoci suka fi gani ita ce ta nono, da ta bakin mahaifa, da ta hanta. Amma mu tuna da abu guda. Littafin asibiti ba ya ƙidaya kowa, sai wanda ya iso asibiti aka auna shi har aka gane ciwonsa. Wanda ya kwanta a ƙauye yana tari har rai ya yi halinsa, ba ya cikin lissafi. Iyalinsa za su ce tari ne ya kashe shi, shi ke nan. Don haka ya kamata mu san wannan ciwo, mu san ta inda yake shigowa, mu kuma san abin da ke hannunmu.

Mece ce sankarar huhu?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kullum wasu suna mutuwa, wasu sababbi suna maye gurbinsu, cikin tsari. Idan wani dafi ya lalata wannan tsari, sai wasu ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su dunƙule su zama ƙari. Wannan ita ce sankara, wadda wasu ke kira kansa ko ciwon daji. Idan ƙarin ya fara a cikin huhu, yakan toshe hanyar numfashi. In ya daɗe kuma sai ya bi jini ya tafi ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa.

Sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana iya cin abinci a kwano ɗaya da mai ita, ana iya kwana ɗaki ɗaya da shi. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin iskoki ba ne.

Daga ina take fitowa?

Babbar ƙofarta ita ce taba sigari. Tun a shekarar 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka bi majinyata a asibitocin Landan suna yi masu tambayoyi. Suka tarar cewa kusan duk mazan da ke da sankarar huhu mashaya taba ne. Daga nan bincike ya yi ta tabbatar da maganarsu. Hukumar OMS ta ce wajen kashi 85 cikin 100 na masu wannan ciwo taba ce sanadi. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kuma wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara.

Mu yi ɗan lissafi tare. Kwali ɗaya yana da kara 20. Wanda ke shan kwali ɗaya kullum, a shekara ya sha kara 7,300. A shekara 20 ya sha kara 146,000. Duk hayaƙin nan ta huhu ɗaya ya bi. Shishar da matasa suka runguma a birane ita ma taba ce. Ruwan da ke cikin tukunyarta yana sanyaya hayaƙi ne kawai, ba ya wanke dafin. Haka kuma matar mashayi da ƴaƴansa, da abokan hirarsa a fada, suna shaƙar rabonsu ko da ba su taɓa kunna kara ba.

Akwai wasu ƙofofin bayan taba. Ta farko ita ce hayaƙin girki. Yawancin gidajenmu da icce ko kara ko gawayi ake dafa abinci, sau da yawa a cikin madafi marar taga. Mace tana tsugune gaban murhu safe da yamma, da goyo a bayanta, shekara da shekaru. Hukumar OMS ta sa wannan hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu, ban da ciwon ƙirjin yara da yake kawowa. Ta biyu ita ce baƙin hayaƙin manyan motoci da injuna masu aiki da gazuwal, wanda masana suka tabbatar da haɗarinsa a shekarar 2012. Ta uku ita ce ƙurar dutse, wadda masu fasa dutse da masu haƙar zinariya ke shaƙa a cikin ramuka. Ta huɗu wata iska ce da ake kira radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana fitowa ne daga duwatsun da ke ɗauke da ma'adinin yuraniyom, tana taruwa a ramukan ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya taɓa aiki a mahaƙar yuraniyom, irin na yankin Arlit, ya dace ya gaya wa likita haka idan ya je da ciwon ƙirji. Wanda ya haɗa irin wannan aiki da shan taba, haɗarinsa ya ninka.

Yadda take ɓuya a bayan tarin fuka

Nan ne babbar matsalarmu take. Alamun sankarar huhu sun yi kama ƙwarai da na tarin fuka, wanda ake kira tibi. Dukansu suna kawo tarin da ba ya jin magani, da kaki mai jini, da ciwon ƙirji, da rama, da kasala, da rashin son abinci. Da yake tarin fuka ya fi yawa a ƙasashenmu, shi ne ake fara zato, kuma daidai ne a fara da shi. Gwajin kaki yana nuna ƙwayar cutar, maganinsa wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a Nijar.

Amma mu ɗauki misalin magidanci mai shekara 55 wanda ya daɗe yana shan taba. Ya fara tari, sai ya sayi ƙwayoyi wurin mai tallar magani a kasuwa. Wata biyu suka wuce. Ya koma ga saiwoyi da jiƙe-jiƙe, wata uku suka ƙara wucewa. Da ya je gidan likita aka gwada kakinsa, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, sai ya ce alhamdu lillahi, ya koma gida. Bai sake komawa ba sai da muryarsa ta dushe, numfashi ya gagara. A lokacin nan ƙarin ya riga ya bazu. Ba rashin magani ne kaɗai ya cuce shi ba, watannin da suka salwanta su ne suka fi cutar da shi.

Abin da bincike ya kawo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lissafin da aka yi a Amurka ya nuna cewa idan an gano ciwon tun yana wuri ɗaya a cikin huhu, wajen mutum shida cikin goma suna raye bayan shekara biyar. Idan kuwa ya bazu zuwa wasu sassan jiki, da ƙyar ake samun ɗaya cikin goma. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar gano shi tun mutum bai fara jin komai ba.

Hoton ƙirji na yau da kullum, wanda muke kira radiyo, ba ya nuna ƙaramin ƙari sosai. Sai aka gwada wata na'ura da ake kira sikana, wadda ke ɗaukar hoton huhu yanki-yanki. A shekarar 2011 aka bayyana sakamakon wani bincike a Amurka, wanda ya ƙunshi mashaya taba fiye da 53,000. Waɗanda aka riƙa dubawa da sikana, mutuwarsu da sankarar huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100 a kan waɗanda aka yi wa radiyo. A shekarar 2020 wani binciken a ƙasashen Holan da Beljiyom ya tabbatar da amfanin wannan hanya. Tun 2021 shawarar da ake bayarwa a Amurka ita ce, mai shekara 50 zuwa 80 wanda ya sha kamar kwali ɗaya kullum har shekara 20, a duba shi sau ɗaya kowace shekara. Ingila ma ta ba da sanarwar irin wannan shiri a 2023, domin masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan taba.

Ta fuskar magani ma an ci gaba. Da can hanyoyi uku ne: aikin tiyata don a yanke ɓangaren huhun da ya kamu, da gasa ƙarin da wani haske mai ƙarfi, da magungunan da ake sawa ta jijiya. Daga baya aka samo ƙwayoyin da ke bin wata alama ta musamman a jikin ƙarin su hana shi girma. Tun daga 2015 kuma aka fara amfani da magungunan da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi sankarar da kanta. Masana biyu da suka buɗe wannan hanya, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun sami kyautar Nobel a 2018.

A ƙasarmu fa?

Dole mu faɗi gaskiya. Waɗannan sababbin magunguna suna da tsada ƙwarai, sun fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Na'urar sikana sai a manyan asibitocin birane, kuma ba a yi wa mai lafiya don a duba shi kawai. Wanda ke zaune a ƙauyen Damagaram ko na Tawa, kafin ya kai gare ta sai ya yi kuɗin mota, da na masauki, da na gwaji.

Duk da haka ba a zauna ba. A shekarar 2021 aka buɗe sashen gasa sankara da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya. Kafin nan, mai buƙatar wannan magani sai ya fita waje, in yana da hali. Ta ɓangaren taba kuma, Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. Ranar 15 ga watan Mayu na 2006 aka kafa dokar ƙasa wadda ta hana tallar taba da shanta a wuraren taruwar jama'a. Sai dai doka ba ta da ƙafa, mutane ne ke tafiya da ita. Har yanzu ana sayar da taba kara-kara a kan tebur, har yanzu akwai uban da ke aiken ɗansa ya sayo masa.

Idan muka auna duka wannan, za mu ga cewa ƙasashe masu arziki suna tare ciwon ne a tsakiyar hanya, da na'urori da magunguna masu tsada. Mu kuwa ƙarfinmu yana bakin ƙofa: mu hana hayaƙi shiga, mu kuma hana lokaci salwanta. Waɗannan biyu ba sa buƙatar kuɗi mai yawa.

Abin da ke hannunmu

Na farko, mai shan taba ya bari. Kada ya ce ai na tsufa, aikin gama ya gama. Hukumar OMS ta bayyana cewa shekara goma bayan an bari, haɗarin sankarar huhu yana raguwa zuwa wajen rabin na wanda ya ci gaba da sha. Ya sa rana, ya gaya wa iyalinsa da abokansa, ya nisanci zaman da ake kunna ta. Mai yin azumi ya riga ya ga cewa yana iya wuni bai sha ba. In ya koma bayan ya bari, kada ya yanke ƙauna, ya sake gwadawa.

Na biyu, kada a sha taba cikin ɗaki, ko cikin mota, ko kusa da yara da mai ciki. Kada a aiki yaro sayenta.

Na uku, a rage hayaƙin girki. A yi girki a fili ko a buɗe wa madafi taga. A yi amfani da busasshen icce da ingantaccen murhu, ko gas ga mai hali. A sauke goyo nesa da murhu.

Na huɗu, masu aikin dutse da haƙar zinariya su riƙa jiƙa wurin da ruwa don ƙura ta kwanta, su kuma nemi abin rufe hanci na ƙwarai.

Na biyar, duk tarin da ya wuce mako biyu, a tafi gidan likita a yi gwajin kaki. In an ce tarin fuka ne, a sha magani har ƙarshe. In an ce ba shi ba ne amma tari bai tsaya ba, ko ana shan magani jiki yana ƙara lalacewa, a koma. A gaya wa ma'aikacin lafiya shekara nawa aka yi ana shan taba, da irin aikin da aka yi, a nemi ya tura mutum babban asibiti. Jini a kaki, da dushewar murya mai daɗewa, da rama ba dalili, ba abin jira ba ne.

Na shida, wanda ciwonsa ya yi nisa kada a yar da shi. Akwai maganin rage zafi da na sauƙaƙa numfashi, kuma haƙƙinsa ne a nema masa. Zaman ƴan uwa kusa da shi ma wani magani ne.

Ya kai mai karatu, idan ka gama karanta wannan bayani, karanta wa wanda bai iya ba. Wataƙila a gidanku ko a maƙwabta akwai wanda ya daɗe yana tari yana cewa sanyi ne. Raka shi gidan likita cikin wannan mako. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.