Mai Zane Da Ƙasar Da Yake Zanawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sāke ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don yau maganata a kan masu zane take.

A Zariya akwai wani malami, Farfesa Jerry Buhari. An haife shi a 1959 a Akwaya, wani ƙauye a ƙasar Kachia. Ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shekara da shekaru yana koyarwa a can. Babban abin da ya dame shi shi ne ƙasa da irin ɓarnar da ɗan Adam ke yi mata. Yakan zuba fenti ya bar shi ya kwarara, kana ya bi shi da ƙananan zane-zane, har mai kallo ya rasa ko gona yake gani daga sama, ko kuwa ciwo ne a jikin ƙasa. Malaminsa, Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, shi ma da kwararar fenti aka san shi.

To, jama'a, mu duba namu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin Wudil bai ƙara yin ambaliya da janyewa yadda kakanninmu suka san shi ba. Dattijan masunta suna ba da labari, amma labarin baka da mai shi ake binne shi. Ga masu haƙar yashi suna cin gaɓa, ga gatari yana bin ɗorawa da kuka. Kasuwar shanu ta ran Juma'a kuwa, mai zane zai yi wata guda a bakinta bai ƙare ba.

Na san wani malami zai ce sūra haramun ce. Allah ya gafarta malam, saɓanin a kan mai rai yake. Itace da ruwa da dutse ba su cikinsa. Magina da masu ɗinkin aska takwas ma zane suke yi, ba wanda ya hana su.

Roƙona ga malaman makaranta shi ne, yaron da kuka kama yana zanen kwalekwale a bayan littafin lissafi, kada ku sa masa bulala. Ku ba shi takarda da fensir, ku tura shi bakin gada ran Asabar, ku sa ya rubuta kwanan wata a ƙasan zanen.

Naka,
Akawu, Wudil.