Shiga makarantar horar da malamai: a tsaurara gwajin ilimi, a sauƙaƙa neman takardu

A farkon shekarun 2020 mahukuntan Nijar suka ɗaga matakin shiga makarantun horar da malaman firamare, daga takardar BEPC zuwa takardar bakaloriya. Kafin wannan lokaci ƙofa biyu ce. Wanda ya yi shekara 6 a firamare da 4 a kwaleji ya ci BEPC yana iya shiga ya fito mataimakin malami, wanda kuma ya ƙara shekara 3 a lise ya ci bakaloriya ya fito cikakken malami. Rufe ƙofar farko shawara ce da ta dace, kuma babu uban da ya taɓa duba littafin ɗansa na aji shida ya ga yaron bai iya haɗa jimla ba da zai yi jayayya da ita. Amma sharaɗin shiga waɗannan makarantu iri biyu ne, akwai na ilimi akwai na doka, kuma a ƙauyukan jahar Maradi na dokar ne ke fara kayar da yaro tun kafin a tambaye shi abin da ya sani.

Yana da kyau a tuna yadda aka zo nan. Bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, da matsin da masu ba da bashi na ƙasashen waje suka yi kan yawan albashin ma'aikata, gwamnati ta kasa ɗaukar malamai daidai da yawan yaran da ake haifa. A 1998, shekarar da aka kafa dokar da ta tsara alƙiblar ilimi a ƙasar, aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka koma ƴan kwantaragi. Da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi ya kankama a 2003, azuzuwa suka yawaita, ƴan kwantaragi suka zama mafi rinjaye a gaban allo, da dama daga cikinsu ba su taɓa zama a makarantar horo ba. An samu yawa, inganci kuwa ya zube. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci, ya ajiye Nijar a can ƙasa. A watan Yuli na 2017 ministan ilimin firamare na lokacin, Daouda Mamadou Marthé, ya sa aka yi wa dubban ƴan kwantaragi jarrabawa duk da adawar ƙungiyoyin malamai, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki 10 bisa 20.

Wannan ciwo bai tsaya a kan iyaka ba. A cikin shekarar ta 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta Najeriya ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin ƴan aji huɗu, 21,780 suka kasa, alhali ƙasar ta daɗe da mayar da takardar NCE mafi ƙarancin abin da malami zai riƙe. Darasin a fili yake ga mahukuntan Yamai: sunan takarda ba ya koyar da yaro. Idan za a nemi bakaloriya, to a nemi abin da ke bayanta, a yi gasar shiga ta gaskiya wadda ɗan minista da ɗan mai sayar da goro za su zauna a benci ɗaya, a kuma bincika kowace takarda a wurin da aka ba da ita, domin kasuwar takardun jabu ba ta taɓa rasa masu ciniki ba.

To, sai batun takardun doka. Mai neman shiga gasar gwamnati a wannan ƙasa ya san jerin da ake nema a wurinsa: takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba wadda ba ta wuce wata uku ba, takardar likita, da kwafin takardar jarrabawa da hukuma ta buga wa hatimi, sannan shekarunsa kada su zarce iyakar da aka yanka. Kowace ɗaya tana da hujjarta. Babu mai son a damƙa ƴaƴansa ga wanda kotu ta taɓa samu da laifin cin zarafin yara, ko mai ciwon da zai yaɗa a aji. Matsalar ita ce waɗanda suka rubuta jerin suna zaune ne kusa da kotu da asibiti da ofishin magajin gari.

A ɗauki ɗan manomi a ƙaramar hukumar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji. An haife shi a gida, ungozoma ce ta yanke cibi, babu wanda ya kai labari ofis. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 ne na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa a faɗin ƙasa, kuma yaran wancan lokaci su ne ke isowa bakin ƙofar bakaloriya a yanzu. Wanda ba shi da rajista sai ya nemi hukuncin kotu, da shaidu, da kuɗin mota, da kwanan gari. In ya samu, takardar zama ɗan ƙasa kuma tana bukatar shaidar haihuwar mahaifi ko mahaifiya, waɗanda su ma sau da yawa ba su da ita. Ga kuma abin da kowane ma'aikacin ofis ya sani: suna ɗaya a rubuta shi iri uku, Mamman a takardar haihuwa, Mahamane a ta BEPC, Mahamadou a ta bakaloriya. Harafi biyu sun isa a mayar wa yaro da takardunsa, kafin ya gyara ranar rufe karɓa ta wuce, shekara ta tafi, wata rana kuma iyakar shekaru ta cim masa. Haka abin yake a Cadakori da Tsibiri, haka a Gangara ta gundumar Gazawa, haka a Caduwa ta gundumar Agye.

Mai karatu ɗan kasuwa zai iya cewa wannan damuwar masu neman aikin gwamnati ce. Ba haka ba ne. Idan ƴan birni kaɗai ke iya cika takardu, su kaɗai za su fito malamai, kuma su za a tura ƙauyen da ba su san kowa ba. Tun 2019 yankin Gidan Rumji ke karɓar dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, yana kuma fama da ƴan bindiga masu satar shanu da mutane. Baƙon malami a irin wannan wuri idonsa na kan hanya, da ya samu wanda zai tsaya masa a Maradi sai ya nemi canji. Wanda zai zauna shi ne wanda gonar ubansa ke bayan makarantar. Ɗan kasuwar da ke neman yaron da zai riƙe masa littafin bashi ba tare da kuskure ba, daga ajin wannan malami zai same shi.

Ƴan mata su ne sabon sharaɗin ya fi taɓawa. Wadda a da za ta ci BEPC ta shiga makarantar Bawa Jan Gwarzo ta Maradi ko ta Tasawa, yanzu sai ta ƙara shekara 3, galibi nesa da gida, a hannun mai masauki, a daidai shekarun da ake matsa wa iyayenta da maganar aure. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamba na 2017 don kare karatun ƴa mace ba za ta yi aiki ba in babu lise kusa ko gidan kwana mai tsaro. Ƙauyen da ba shi da malama kuwa, iyaye sukan janye ƴaƴansu mata tun kafin aji shida.

Akwai kuma abin da jerin sharuɗɗan ya kamata ya ƙunsa. Tun 1973 ake gwada koyarwa da harsunan gida a Nijar, dokar 1998 ta ba su matsayi a makaranta, kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Wanda zai tsaya gaban ƴan aji ɗaya a Gidan Sori ya dace a gwada ko ya iya karanta Hausa da rubuta ta bisa ƙa'ida, kamar yadda ake gwada Faransancinsa da lissafinsa. Jin harshe a kasuwa daban, iya koyar da baƙaƙensa daban.

Gyaran ɓangaren doka ba ya bukatar bashin Bankin Duniya. Alƙalai sun saba fita zaman tafi-da-gidanka a ƙauyuka don ba da takardun haihuwa, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Abin da ake yi don kuri'a ana iya yin sa don makaranta: kowace shekara a kai zaman nan kwalejojin gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa, a daidaita sunan kowane ɗalibi da ranar haihuwarsa kafin ya zauna BEPC, a ba shi takardar zama ɗan ƙasa tun yana nan. Takardar kotu da ta likita kuwa a neme su bayan an ci gasa, daga waɗanda suka ci kawai, maimakon a sa dubban matasa kashe kuɗi a kan takardar da za ta mutu cikin wata uku. Sannan ma'aikatar ilimi ta bayyana wa jama'a, gunduma bayan gunduma, mutum nawa suka nemi shiga, nawa aka mayar saboda takardu, nawa suka faɗi a jarrabawa, da kuma nawa aka ɗauka kwantaragi a wannan shekara ba tare da sun bi ta makarantar horo ba.