Ranar da Aka Yafe a Madadin Malam

Ina aji huɗu na firamare mota ta buge malaminmu na lissafi. Keken Raleigh ne da shi, baƙi, da kariya a baya inda yake ɗaure littattafanmu da roba. Yana tafiya a hannunsa, can gefen kwalta, sai wata motar haya ta zo wuce shi, ga kuma babbar mota ta taho. Maimakon direba ya taka birki, sai ya matse mai keke. Malam ya karye a cinya, bai sake hawa keke ba har ya koma ga Allah.

Zaman da aka yi a zaurensa bayan kwana uku shi ya fi tsaya mini a rai. Direban ya zo da mai motar da wani dattijo daga tasha. Aka jajanta, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ma ya ƙara da cewa mai keke shi ya kamata ya yi hattara, tunda titi na mota ne. Malam yana kwance a ɗaki, yayansa ya ce, "Alhaji, ba komai, mun yafe." Suka ajiye kuɗin mai ɗori, aka shafa. Washegari direba ya koma lodi.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin mutunci, sai da labarin ƙasar Holan ya zo hannuna. Yau ana yi mata kirari da ƙasar kekuna, amma a 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunanta, fiye da 400 yara ne. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa 'ya, ya yi rubutu a 1972 da ya haifar da gangamin a daina kashe yara. Iyaye mata suka riƙa tare tituna. Da takunkumin man fetur na 1973 ya zo, gwamnati ta hana hawa mota ranar Lahadi na ɗan lokaci, mutane suka ga yadda gari yake in babu ƙugin inji.

An gina wa keke hanyarsa daban, an rage gudu a unguwanni, wannan kowa ya ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na kotu. Sashe na 185 na dokar hanyarsu ta 1994, haɗe da hukunce-hukuncen kotun ƙoli, ya ɗora nauyin biyan asara a kan mai mota idan ya yi karo da mai keke ko mai tafiya a ƙasa. In yaro ne da bai kai shekara 14 ba, mai mota zai biya duka, ko da yaron ne ya kutso. In babba ne kuma da laifinsa, aƙalla rabi, sai fa in an tabbatar babu yadda direba zai iya kaucewa, ko mai keken da gangan ya yi. Ba maganar ɗauri ake ba, inshora ce ke biya. Hujjarsu ita ce wanda ya fito da ƙarfe mai nauyin tan guda cikin jama'a shi ya kawo haɗarin. Yanzu masu mutuwa a titunansu ba sa kai 800 a shekara.

Ni dai kunya na ji, don wannan hujja ba baƙuwa ba ce a gidanmu. A Suratun Nisa'i, wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya ta hau, ga kaffara, wadda a yau azumin wata biyu ce a jere. Karaya da raunuka ma malaman fiƙihu sun yanka musu nasu. Yafiya tana nan, amma ta mai haƙƙi ce, bayan ya san abin da yake bi. Mu kuwa mukan fara da yafiya tun kafin a tambayi direba gudun nawa yake yi, birkinsa yana ci ko ba ya ci.

Babu wanda ya leƙa ɗaki ya tambayi Malam a ranar. Wata shida ya yi a kwance, ga iyali, ga bashin magani. Keken kuwa ya shekara jingine a zaure da ƙafar baya a lanƙwashe, kafin a sayar wa mai gyara ya ciri kaya.